Jinjina ga Asibitin da Ba a Mutuwa a Cikinsa

Idan mutumin Wudil ya tashi yi wa garinsa kirari, ba ya rasa abin faɗa. Zai fara da karar shanu ta ranar Juma'a, inda tireloli ke lodi su nufi Kudu. Zai ambaci kogi da gadarsa, da masunta da masu haƙar yashi. Zai tuna maka daɗaɗɗiyar alaƙar garin da sarautar Makaman Kano, sannan ya kawo jami'ar kimiyya da fasaha da ke kan hanyar Gaya, wadda ta fara karatu a 2001 aka kuma raɗa mata sunan Aliko Dangote a 2022, ya rufe da makarantar horar da jami'an 'yan sanda. Duk gaskiya ne. Amma akwai gwarzo guda da kullum ake tsallakewa a wannan lissafi, kuma butulcin da ake yi masa ne ya sa na ɗauki alƙalami: ƙaramin asibitin kuɗi na cikin lungu, mai gadaje kaɗan da janareto ɗaya, wanda tun da aka kafa shi ba a taɓa jin wani ya cika a kan gadonsa ba.

Ba zan kama sunansa ba. Ko na so ma, sai a tambaye ni wanne daga ciki, domin allon ƙofarsa ya sha fenti fiye da sau ɗaya. Kuma yana da 'yan'uwa a kusan kowane gari mai kasuwar mako, daga nan har Haɗeja, daga nan har Funtuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, kamanninsu ɗaya. Wanda ya ji tarihin ɗaya ya ji na dukansu.

Asalinsa yana da daraja, domin gwamnati ce da kanta ta share masa fili. Ranar 31 ga Disamba 1983, da Birgediya Sani Abacha ya shiga rediyo ya sanar da kifar da gwamnatin Shagari, cikin laifuffukan da ya lissafa har da cewa asibitocin ƙasar sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani, babu ruwa, babu kayan aiki. Sojojin suka zo gyara. Shekara uku ba ta cika ba, a 1986, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Daga lokacin ne talaka ya saba da sabuwar al'ada: likita ya duba ka, ya yago takarda ya rubuta, ya ce ka je waje ka sayo. To wajen nan dole wani ya zauna a cikinsa. Mai gidanmu, mai wannan asibiti, ya zauna.

Ya fara da kemis, shago ɗaya mai kanta da katako uku na jera kwalabe. Iliminsa ya samo shi ne ta hanya mafi albarka, wato kallo. Ya yi shekaru yana yaron shago a kasuwar magani ta Sabon Gari a Kano, ya kuma taɓa zama a wani asibiti yana miƙa kati da tura keken marasa lafiya, kuma Allah ya ba shi ido. Lasin kemis, a doka, abin da ya halatta wa mai shi shi ne sayar da ƙananan magunguna cikin kwalinsu na asali: maganin ciwon kai, na tari, na tsutsar ciki, ruwan gishiri da sukari. Ba allura, ba ƙarin ruwa, ba kwantar da mutum. Ragon namiji ne yake tsayawa inda takarda ta tsayar da shi. Mai gidanmu ya sayo labule ya raba shagon biyu, ya ajiye benci a bayan labulen, ya ɗauko guduma ya kafa ƙusa a bango, daidai inda ledar ruwa za ta rataya ta sauka a hannun wanda ke kwance. Manyan asibitoci gwamna ne yake zuwa ya aza harsashinsu da kaɗe-kaɗe. Wannan da ƙusa ɗaya aka aza nasa, kuma ga shi ya fi wasunsu daɗewa yana aiki.

Sunan Dakta kuwa bai roƙa ba, jama'a ne suka ba shi, shi kuma mutum ne mai kunya, ba ya mayar da kyauta. Wanda ya bi doguwar hanya sai ya yi shekara 6 a makarantar likitanci, ya ƙara shekara guda yana koyon aiki ƙarƙashin manya, ya yi rajista da majalisar kula da likitoci ta ƙasa, ya riƙa sabunta lasinsa duk shekara. Mai gidanmu ya taƙaita wannan wahala duka a yammaci ɗaya: farin yadi daga Kantin Kwari, tela ya ɗinka, abin sauraren ƙirji a wuya. Wanda ya rage wa ƙasa asarar shekara bakwai, ai ya cancanci a miƙe tsaye idan ya shigo.

Da lokacin neman rajistar asibiti ya yi, doka ta ce sai da cikakken likita. Nan ma Allah bai hana shi mataimaki ba. Akwai wata takardar shaida a cikin gilashi a bangon ɗakin jira, da sunan wani likita na gaskiya, mai digiri na gaskiya. Ba a taɓa ganinsa a lungun ba. Wasu sun ce yana Kano, wasu sun ce ya bi sahun ɗaruruwan abokan aikinsa da suka tafi Saudiyya da Ingila. Amma takardarsa tana nan tana aiki dare da rana ba hutu, ana aika masa ladanta ƙarshen wata. Shi ma ina miƙa masa jinjina. Ya rantse zai kare rai, sai ya gano cewa ana iya ba da hayar rantsuwar kamar yadda ake ba da hayar shago.

Bayan ƙusa da labule, babban ci gaba na biyu shi ne ɗakin gwaji. A nan ne asibitin ya nuna adalcin da kotuna suka kasa. Attajiri da almajiri, tsohuwa da jariri, mai tari da mai kumburin ƙafa, duk wanda aka ɗibi jininsa sakamako ɗaya yake samu: maleriya da taifot. Ba a nuna wa kowa bambanci. Gwajin taifot ɗin da ake yi, wani likitan Faransa mai suna Widal ne ya ƙirƙiro shi a 1896, kuma asibitinmu, saboda girmama na gaba, ya riƙe shi gam ko da yake masana sun daɗe da daina dogara da shi. Gwajin ba ya ganin ƙwayar cutar kanta. Abin da yake gani shi ne alamar da jiki ya bari bayan ya taɓa karo da ita ko da danginta, kuma a ƙasar da ake shan ruwan rijiya da na kogi, mutane da yawa masu ƙoshin lafiya suna yawo da wannan alama. Zazzaɓin cizon sauro kansa yana iya sa gwajin ya nuna akwai. Wanda yake son tabbaci sai ya shuka jinin a ɗakin bincike ya jira kwanaki ya ga ko ƙwayar za ta tsiro. Amma wa yake da lokacin jira, alhali ga kwalaben allurar ceftriaxone a jere suna jiran mai saye?

Amfanin wannan tsari ba ya ƙidayuwa. Mai tarin fuka yana samun wata uku yana shan maganin taifot kafin wani ya tayar masa da hankali da sunan ainihin ciwonsa, kuma a cikin watannin matarsa da 'ya'yansa da abokan sahunsa a masallaci sun sami rabonsu. Mai ciwon hanta, mai ciwon ƙoda, mai ciwon suga, matar da ƙari ya fara ci mata mama, kowa yana komawa gida da kwanciyar rai cewa taifot ne kawai. Su ma ƙwayoyin cuta suna cin moriya, domin allurar da ake yi musu rabi da rabi horo ce, kullum ƙara taurin kai suke. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma. Ba kasafai muke zuwa na ɗaya a duniya ba. Ya kamata a san waɗanda suka yi mana wannan aiki.

Sai ƙarin ruwa, wanda shi ne kambun gidan. Mai gidanmu ya fahimci zuciyar mutanensa fiye da duk wani farfesa. Ya san cewa idan Bahaushe ya biya kuɗi aka ba shi ƙwaya ya haɗiya, gani yake an raina ciwonsa. Amma a kwantar da shi, a huda jijiya, a rataya leda, a tsiyaya mata sinadarin bitamin ta koma launin ɗorawa, 'yan dubiya su shigo su gan shi a haka, to an yi masa aiki. Abin da ke cikin ledar ruwa ne da ɗan gishiri ko ɗan sukari, rabin lita. Ga wanda amai da gudawa suka zuƙe, wannan leda ita ce tsakaninsa da kabari. Ga tsohon da hawan jini ya gajiyar da zuciyarsa, ko yaron da tamowa ta kumbura, leda uku a jere tana iya cika huhu da ruwa, numfashi ya gagara. Asibitinmu ba ya ɓata lokaci wajen rarrabe waɗannan. Kowa ya zo baƙo ne, kuma a al'adarmu ruwa ake fara ba baƙo.

Dole in tsaya in faɗi abin da ya sa mutane ke zuwa, domin ba wauta ce ke kawo su ba. Babban asibitin gwamnati yana nan a Wudil, kuma ma'aikatansa suna ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsu: mutanen garin, da na Garko, da na Warawa, da na ƙauyukan da ke bayansu, da duk wanda hatsari ya rutsa da shi a babban titin Maiduguri. Mai jinya yana iya sammako ya kai azahar bai ga likita ba. Wata rana a ce yajin aiki ake. Wata rana ma'aikaciyar da ta kwana a tsaye ta daka wa mai naƙuda tsawar da ba za ta manta ba har ta mutu. Shi kuwa na lungu ƙofarsa a buɗe take ƙarfe biyun dare. Yana kiran tsohuwa Inna, yana kiran magidanci Alhaji ko bai taɓa ganin jirgi ba. Yana ba da bashi zuwa Juma'a. Ya san sunan 'ya'yanka. Duk abin da mara lafiya yake nema a wurin mai magani ya tanada, in ban da sanin magani.

Kuma akwai asibitocin kuɗi na gaskiya a wannan yanki, masu likita da ke zaune a kujerarsa da nas mai takarda. Laifinsu ɗaya, ba su iya kasuwa ba. Mutum ya zo da mura, su ce ya je ya huta ya sha ruwa, ba ya bukatar allura. Ya fita yana tsaki, ya zarce lungu, inda za a gane darajarsa.

Fenti na biyu da allon ya sha shi ne ranar da aka ƙara masa kalmar haihuwa. A 2001 gwamnatin Kano ta shelanta kula da masu juna biyu kyauta a asibitocinta, kuma mata sun yi tururuwa, har kayan suka riƙa ƙarewa kafin layi ya ƙare. Mai gidanmu ya ga 'yan'uwansa mata a cikin wahala, ya rushe bangon shagon maƙwabci ya sa gado biyu da katifar leda. Ya ɗauko yarinyar da ta gama sakandare ya ɗinka mata fararen kaya, ta zama Sista. Ya sayo na'urar hoton ciki ta hannu, wadda ba ta taɓa kasa faɗin namiji ne ko mace ba, ko da yake kwanciyar ɗa a gicciye da mabiyiyar da ta tare hanya sukan wuce ta ba ta lura ba.

A wannan ɗaki ne ake nuna gwaninta da allurar naƙuda. Sunanta oxytocin, kuma tana cikin magunguna mafiya daraja da ɗan Adam ya samu, domin idan mace ta haihu jini ya ɓalle, ita ce take matse mahaifa ya tsaya. Sharaɗinta a ajiye ta cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8, domin zafi yana kashe ƙarfinta. A asibitinmu tana zaune a kan katako kusa da taga, cikin zafin Afrilu da ke haura digiri 40, tana koyon juriya irin ta mutanen ƙasar. Sabuwar da ba ta riga ta mutu ba, ita ake dankara wa mace tun ɗa yana ciki, don a gaggauta, ba tare da an auna ko ƙugunta zai ba shi hanya ba. Idan hanya a toshe take, mahaifa ta yi ta matsawa har ta yage. Tsohuwar da zafi ya gama da ita kuwa, ita ake samu a hannu a daren da jini ya ɓalle. Wato maganin yana aiki a lokacin da zai yi kisa, yana hutawa a lokacin da zai yi ceto. Samun irin wannan daidaito sai an shekara ana yi.

Jijjiga ma tana da maganinta, kuma ba shi da tsada. A 2008 aka shigar da magnesium sulphate manyan asibitocin gwamnati guda 10 a jihar Kano, aka koya wa ma'aikata yadda ake ba da shi, sai mutuwar matan da jijjiga ta kama ta sauko daga kusan 1 cikin 5 zuwa ƙasa da 3 cikin 100. A nan jiharmu aka yi, a gaban idonmu. Amma kafin a ba da shi sai an auna hawan jinin mai ciki a kowane awo, an duba fitsarinta, an san alamun haɗari. Asibitinmu ya ga wannan duk shiga hurumin Allah ne. Idan mace ta fara fizge-fizge, a gidan akwai wanda zai ce iska ce, kuma Dakta ba ya musu da manya.

Yanzu na zo kan babbar falalar, wadda na sa a take. Shekaru aru-aru, ba gawa ko ɗaya. Asibitin Murtala da ke cikin birni ba zai iya wannan alfahari ba. Asibitin Malam Aminu Kano, da duk farfesoshinsa, ba zai iya ba. Sirrin yana cikin kalmomi biyar, kuma na ji su da kunnena.

'Yar gwaggona ce, cikinta na fari, daga wani ƙauye a gabashin gari. An kawo ta da hantsi, ta kwana tana naƙuda a gida. Mijinta ya tambaya ko a wuce babban asibiti. Dakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Malam, me ya yi zafi? Irin wannan kullum muke karɓa. Kafin la'asar za ka ji kukan jariri." Aka karɓi kuɗin kati, aka karɓi na gado, aka rataya leda, aka yi allura. La'asar ta wuce. Da magariba aka ce ruwan ya ƙare, a biya na wani, aka ƙara allura. Da isha ta daina ihu, tsofaffin da ke waje suka ce alhamdulillahi ta samu sauƙi. Wajen ƙarfe ɗayan dare Sista ta fito da sauri ta raɗa wa Dakta magana. Ya shiga, bai yi minti biyu ba ya fito, fuskarsa cike da tausayi, ya ce, "Alhaji, mun yi iya ƙoƙarinmu. A wuce da ita Kano."

Babu motar asibiti. Babu takardar da ta ce ga abin da aka ba ta, ga adadinsa, ga lokacin. Sai da aka tashi wani mai mota daga barci aka yi cinikin mai. Daga gadar Wudil zuwa ƙofar Murtala kilomita 40 ne da 'yan kai, ta Makole, ta Gano, ta Mariri. Gwaggona tana riƙe da kan 'yarta a cinya. Ba mu kai Mariri ba gwaggo ta ce wa direba ya rage gudu, babu sauran sauri. Shekarun yarinyar ba su kai ashirin ba. Na yi shekaru ina jin muryar gwaggona tana faɗin wannan magana, kuma ban taɓa jin ta da sauƙi ba.

To ka ga hikimar. Ba ta mutu a asibitinmu ba, ta bar shi da ranta, akwai shaidu. Ba ta mutu a Murtala ba, ba ta isa ba. Titi ne ya ɗauka, kuma titi ba ya rubuta rahoto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka mutu a Nijeriya wajen ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ko ɗaya daga cikinsu ba a rubuta ta a littafin asibitinmu ba, saboda asibitinmu, cikin tawali'u, ba ya ajiye littafi sai na bashi. Waɗanda suka tsira da rai amma doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, su ma ba sa dawowa su ɓata masa suna. Suna can sashen Laure a Murtala ko Babbar Ruga a Katsina suna jiran layin ɗinki, da yawansu da takardar saki a jaka.

Ranar sadakar uku Dakta ya zo gaisuwa da kansa. Ya zauna a tabarma, ya ɗaga hannu aka yi addu'a, ya ce kwana ne ya ƙare. Kowa ya ce haka ne. Aka yaba masa da zumunci. Kafin ya tafi ya ja mijin gefe ya tuna masa, cikin ladabi, da ragowar kuɗin leda biyu.

A nan jinjinar ta wuce kan Dakta ta hau kanmu. Malaman fiƙihu tun ƙarnonin farko sun yi hukunci cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, idan ya yi ɓarna shi ke da lamuni, diyya tana kansa. Suna cikin waɗanda suka fi kowa imani da ƙaddara, amma ba su ga karo tsakanin imanin da tambayar wa ya yi allurar ba. Mu mun fi su tsoron Allah. Mun gano cewa tambaya rashin tawakkali ce, kai ƙara tozarta mamaci ne, neman a binciki gawa kuwa abin kunya ne da ba a taɓa yi a zuriyarmu ba. Da za a sayar wa ɗayanmu saniya mai ciwo a kara, sai ya tara dillalai da sarkin kasuwa, a yi shari'a har magariba. Matarsa kuwa, sai haƙuri.

Batun kara ya kawo mu kan kuɗi, kuma a nan asibitin ya zama ginshiƙin tattalin arzikin gari. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mara lafiya yake fitowa kai tsaye. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a Afrilun 2001 sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya, mai masaukin baƙi, ta fi shekara 20 tana kewaya kashi 4 zuwa 6. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2016, tarayya ta wajabta inshorar lafiya a 2022. Duk waɗannan suna nan a takarda cikin ƙoshin lafiya. Manomin Indabo ko Lajawa inshorarsa tana ɗaure a turke tana cin harawa. Ranar da aka ce ɗansa apendis ne, kuma a asibitinmu ciwon ciki da ya wuce kwana biyu apendis ne, sai ya kwance ta ya ja ta kara. Dillalai suna gane irin wannan mai sayarwa daga nesa, daga yadda yake waige, kuma sun san ba zai ja ciniki ba. Mahauci ya samu, dillali ya samu, mai tirela ya samu, Dakta ya samu. A yi fiɗar da hasken tocilan idan janareto ya ƙi tashi, a ɗebi jinin ƙanin uba a ƙara wa yaron ba tare da dogon bincike kan ciwon hanta ba, tunda jinin gida ne. Idan kuɗin bai cika ba, yaron ya ci gaba da zama a gado a matsayin baƙon asibiti har Juma'a ta zagayo.

Masu hassada ba su bar shi ba. A 2017 jihar Kano ta kafa hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu, PHIMA, kuma tun daga lokacin ake jin labarin wuraren da ta garƙame a ƙananan hukumomi daban-daban, wasu an samu mai shago yana fiɗa, wasu an samu magungunan da suka daɗe da lalacewa. Aiki ne na gaske, amma ƙananan hukumomi 44 ne, lungunansu ba su da iyaka, guduma da ƙusa kuwa ko'ina ana sayarwa. Kuma ranar da kwaɗo ya hau ƙofar irin wannan asibiti, ranar ake sanin yana da jama'a. Dattawan unguwa su sa manyan riguna su tafi kamun ƙafa. A ce yaron kirki ne, mai iyali ne, shi yake taimakon talakawa, a rufa masa asiri. Wani mai neman kujera ya buga waya. A cikin tawagar har da wanda ya binne 'yarsa bara, domin ya san idan aka rufe nan, ƙarfe biyun dare ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wannan dattijo ban iya yi masa gatse ba. Gaskiya ya faɗa, kuma waɗanda suka bar shi da wannan zaɓi suna da asibitocinsu a Alƙahira da Dubai da Landan.

Bayan 'yan makonni mai fenti ya zo da tsaninsa. Suna ya sauya, launi ya sauya, takardar cikin gilashi wataƙila ta sauya mai ita. Dakta yana nan, Sista tana nan, ta ma samu ƙanwa.

Da na bi ta lungun kwanan baya na tarar an zuba dakin, ƙarafan rodi sun miƙe sama suna jiran hawa na biyu. An sa sola a rufi, an sa tayil a ɗakin jira, an rataya talabijin. Dakta ya sauke farali, yanzu Alhaji Dakta ne, kuma babban ɗansa, wanda ya taso yana kallo kamar yadda uban ya taso, ya fara karɓar marasa lafiya idan uban ya tafi masallaci. Na leƙa tsohon ɗakin da aka fara. An sayo sandunan rataya ruwa na ƙarfe masu taya, amma ba a cire ƙusar ba, tana nan a bango da leda a jikinta, ruwa mai launin ɗorawa yana ɗiga a hannun wata yarinya mai tsohon ciki, ƙafafunta a kumbure. A waje mijinta yana tsaye da igiya a naɗe a hannu, ba komai a ƙarshenta, yana ƙirga kuɗi yana miƙa wa mai kati. Ranar Juma'a ce, wajen la'asar.